Keken Mastura a Kotun Ganima

Mastura ta rasu a watan Rabi'ul Awwal, cikin zafin shekarar 1965, bayan jinyar wata bakwai. Ba ta bar dogon zance ba. Ranar da ta ga abin ya zo, ta ɗaga hannu ta nuna keken ɗinkinta da ke lungun ɗaki, ta ce, "A kai wa yarinyar nan." Wasiyyar ke nan. Ni ba ta bar mini komai ba, ko faɗa.

Yarinyar nan ita ce Luba, 'yarmu, ita kaɗai Allah ya ba mu. Da yake 'yar fari ce, uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba har ta koma ga Allah. Shekara shida ke nan da wani kukun jirgin alhazai mai suna Othman, mutumin Bambai, ya aure ta ya tafi da ita Indiya. Mutumin kirki ne, ya iya dafa shinkafa. Luba ba ta zo jinya ba, ba ta zo gaisuwa ba. Tsakanin Jidda da Bambai ba tafiyar da ake yi don an buga wa mutum waya ba ce.

Sunana Abdulghani. A Wad Madani ta Sudan aka haife ni, can na yi makarantar Turawa har na iya harshensu. Shekarata goma sha tara ina magatakarda a ofishin wani wakilin jiragen ruwa a unguwar Bagdadiyya ta Jidda. Aikina rubuta takardar lodi: kaya kaza, na wane, daga ina, zuwa ina. Abin da ban rubuta ba, a wurin teku babu shi. Mai ofishin, wanda shi ne kafilina, mai tsaya mini a wurin hukuma, mutumin Hadramaut ne, ya gaji kabad guda na littattafan dokar teku daga Baturen da ya sayar masa da wurin. Shi bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ni na karance su tas, wasu sau biyu, don a Karantina, unguwar da muke zaune, in ka dawo daga aiki ba abin yi sai hira, ni kuwa hira ba ta karɓe ni ba. Mutanen unguwa suna ce mini Ustaz. Ba yabo ba ne.

A unguwarmu ba a aika kaya ta ofis, saƙo ake bayarwa. Mai ɗaukar saƙon Bambai shi ne Kawu Na'ibi, ƙanen mahaifiyar Mastura, falken turare. Sau biyu a shekara yakan tafi da dabino, ya dawo da sandal da itacen ƙamshi. Muna da gidaje biyar ko shida a can, na 'ya'ya matan da ma'aikatan jirgi suka aura, da samarin da suka bi jirgi suka manta hanyar gida. Duk mai saƙo zai ɗinke shi cikin buhu, ya rubuta sunan mai shi da tawada, ya kai wa Kawu. Kawu ya ce, "Amana," ya sa a sanduƙi. Ba ya tambaya, ba ya latsawa, ba ya sunsunawa. A wurinmu tambayar abin da ke cikin saƙo daidai take da ka kira mutum ɓarawo a gaban surukansa, kuma abin da aka miƙa ba a karɓowa. In sanduƙan sun iso ofis, ni nake rubuta su a takarda ɗaya da suna ɗaya: Na'ibi. Na yi haka ya fi sau talatin.

Bayan sadakar arba'in, Yaya Turai, yayar Mastura, ta zo da mata biyu. Suka kwance keken, suka naɗe kansa da zannuwan marigayiya, suka ɗinke a buhu, ƙafafun ƙarfen a wani buhun daban. Ina tsakar gida a zaune. Aka ce in zo in ɗauka, na ɗauka na kai shagon Kawu. A kwanakin nan duk abin da aka ce in yi, yi nake. A ce ci, in ci. A ce tashi ga baƙi, in tashi.

Sati biyu bayan haka Indiya da Pakistan suka kaure da yaƙi.

Karantina duk ta bi bayan Pakistan, har da waɗanda 'ya'yansu ke kwana a Bambai. Ni ban bi bayan kowa ba. Jirgin da zai ɗauki kayan Kawu yana nan a tasha, tsohon jirgi mai tutar Girka, zai bi ta Adan, ya tsaya Karaci, sannan ya wuce Bambai. Kyaftin ɗin da kansa ya hawo benenmu yana share gumi, ya ajiye doguwar takardar tangaraho a kan teburina.

"Karanta," ya ce. "Ko ƙusa ɗaya da ke cikin jerin nan ba na so a jirgina. A Karaci za su hau, kuma za su buɗe duk abin da za shi Bambai. Abin da ka rubuta, a kansa zan rantse."

Dokar ba ta da wuya, ko da yake an kashe takarda mai yawa a kanta. Jirgin ƙasar da ba ruwanta da yaƙi yana da ikon wucewa da lodinsa, ko da wurin abokin gaba za a kai, don tuta tana rufe kaya. Abin da tuta ba ta rufewa shi ne kayan da za su taimaki yaƙi, kuma masu yaƙin ne ke zama su rubuta jerinsu. Jerin yakan fara da bindiga da harsashi, waɗanda ko mahaukaci ya sani, sannan ya yi ta gangarowa: taya, batir, wayar lantarki, takalma masu kauri, madubin hangen nesa da nan muke kira darbil. In an kama irin wannan, akwai kotu ta musamman da ke yanke hukunci, ana ce mata kotun ganima. Turawa sun sa mata suna na gaskiya, abin da ba su cika yi ba.

Keken ɗinki ba ya cikin jerin. Na duba sau uku.

Sai da na ninke takardar sannan na tuna da sauran dokar, wadda ke can ƙasan shafi inda idon mutane ke gajiya. In an sami haramtaccen abu ɗaya, duk sauran kayan mai wannan abu da ke cikin jirgin sun bi shi, ko da tsintsiya ce. Mai kaya kuwa shi ne wanda sunansa ke jikin takarda.

Bayan la'asar na tafi shagon Kawu. Sanduƙai uku na jere a ƙofa, an riga an buga musu ƙusa, an rubuta Bismilla a jikin kowanne. Kawu na kan tabarma da butar shayi. Yaya Turai ta zo sayen turaren wuta, ta tsaya daga gefe. Akwai kuma Rafi'u, dillalin kasuwar gwanjo, wanda ƙanensa ke Bambai yana buga-buga.

"A'a, Ustaz ya fito daga kabad," in ji Rafi'u. "Yau za a yi ruwa a Jidda."

Na gaida Kawu, ya zuba mini shayi. Na sha, don ba a fara irin maganar da na zo da ita kafin a sha.

"Kawu, sanduƙan nan nake so a buɗe."

"Mantuwa ka yi a ciki?"

"So nake in san abin da ke cikin kowane buhu."

Kawu ya ajiye kofinsa a hankali. Yaya Turai ta juyo.

"Ya shekh," ya ce, "shekara ashirin da biyu ina ɗaukar saƙon mutane. Ko allura ta taɓa ɓata a hannuna?"

"Ba ta taɓa ba."

"To?"

Na yi musu bayanin dokar kamar yadda na faɗa a baya, har ma ya fi sauƙi. Na karanta musu jerin. Da na zo kan takalma masu kauri Rafi'u ya fashe da dariya, ya ɗaga ƙafarsa yana nuna mini silifa.

"Wato sojan Pakistan zai bar fagen fama ya zo ya kwance buhun kuka da daddawar tsofaffin Karantina? Haba Ustaz! Su Musulmi, mu Musulmi. Su ga Bismilla a jikin sanduƙi su sa masa ƙarfe?"

"Kotun ganima ba ta karanta jikin sanduƙi. Takardata take karantawa."

"To ka rubuta mata mai daɗi mana. Ba aikinka ke nan ba?"

"Kai me ka sa a naka buhun?"

Dariyar ta tsaya.

"Saƙo," ya ce.

"Na me?"

"Na mai shi."

"Abdulghani!" in ji Kawu. Tun da na auri 'yar yayarsa bai taɓa kiran sunana haka tsirara ba. "A shagona kake."

"Ku yi haƙuri, Kawu. To a bar na kowa. A fitar mini da keken kaɗai, in rubuta shi da sunana a takardarsa daban. Ko an kama sauran, shi zai wuce."

Yaya Turai ce ta amsa, ba ta ma ɗaga murya ba.

"Ka karɓe saƙon Mastura daga hannun kawunta? Shi da ya sa ta a kabari da hannunsa? Gobe a ce me a unguwa, a ce mijinta ya ga wani abu a wurin tsoho? Wata bakwai tana kwance, kana gefe da littafi a hannu. Sai yau ka tuna karatun yana da amfani?"

Rabin maganarta gaskiya ce, kuma ban ji zan iya tsayawa rarrabe wane rabin ba.

Kawu ya miƙa hannu bayan buhunan dabino, ya jawo ƙarfen da ake ɓalle ƙusa da shi, ya turo mini a kan tabarma.

"Ga shi. Na tsakiya ne, kuma a ƙasa yake, don shi ya fi nauyi. Sai ka fitar da na mutum goma sha ɗaya kafin ka kai gare shi. Yalla, maza ɓalle. Amma in ka ɓalle, ka kira masu su kowa ya zo ya ɗauki nasa, ka gaya musu dalili da bakinka. Ni na bar ɗaukar saƙo, halas, ta ƙare."

Na ɗauki ƙarfen. Na tsaya a kan sanduƙin tsakiya, har na sa bakin ƙarfen a ƙarƙashin katako. Na san dokar, na san shafinta, na san abin da zai faru in akwai ko batir ɗaya a ciki, kuma fuskar Rafi'u ta riga ta gaya mini akwai wani abu. Ƙusa takwas ce. Aikin minti biyar.

Na so a ce kunya ce ta hana ni, ko tsoron bakin unguwa. Waɗannan dalilai ne na mutanen da ke da rai. Ni abin da na ji shi ne ƙarfen ya yi mini nauyi, rana ta yi zafi, kuma in na ɓalle sai na yi magana da mutum goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya. Na ajiye shi a kan murfin.

"Tayyib, shi ke nan," na ce.

"Allah ya yi maka albarka," in ji Kawu, ya ƙara mini shayi.

Washegari 'yan dako suka kai sanduƙan tasha. Na zauna na rubuta: sanduƙi uku, dabino da kayan amfanin gida, mai kaya Na'ibi, daga Jidda zuwa Bambai. Rubutuna yana da kyau, kowa na faɗa. Kyaftin ya tambaye ni, "Ba komai?" Na ce ba komai, ya sa hannu a ƙarƙashin nawa. Kawu bai bi jirgin ba a wannan karon. Ya ce sai ƙura ta lafa, wakilinsa na can zai raba wa kowa nasa.

Yaƙin bai cika sati uku ba aka tsagaita. A masallaci Rafi'u ya dafa kafaɗata ya ce, "Ina yaƙin naka, Ustaz? Ko an mayar da shi kabad?" Na ce masa ai masu bindiga ne suka tsaya, masu takarda yanzu suka fara. Bai gane ba, ban kuma ƙara ba.

Wasiƙar ta iso ofis bayan wata ɗaya da rabi, daga wakilin jirgin a Karaci. An hau jirgin, an sauke kayan Bambai, an buɗe. A cikin sanduƙi na biyu na wani Na'ibi an sami darbil guda uku da batir na rediyo dozin biyu, ba a ambace su a takarda ba. An riƙe duk kayan mai wannan suna, an miƙa wa kotun ganima. Jirgin an sake shi, tunda kyaftin ya nuna takardar da aka ba shi a Jidda. Na karanta, na buga mata hatimin ranar da ta iso, na sa a fayil, don haka ake yi wa wasiƙa. Sannan na fito da ita na tafi shagon Kawu.

Rafi'u na nan, kamar kullum. Na fassara musu layi bayan layi.

"La ilaha illallahu," in ji Rafi'u. "Darbil ɗin nan na kallon sukuwa ne! Ƙanena haya zai riƙa ba da su a filin tseren dawaki. Ɗaya ma ido ɗaya yake gani, wallahi, ɗayan ya tsage. Wane yaƙi za a yi da shi?"

"Jerin bai ce mai ido biyu ba."

"To kai me ya hana ka ce darbil a ranar?"

"Na ce. Kana nuna mini silifa."

Kawu bai ce wa Rafi'u komai ba, har yau kuwa bai ce ba, don shi a ganinsa mutum ya ba da saƙo ne kamar kowa. Dabinonsa na shekara ya tafi, bai ambata ba. Ya juyo wurina.

"Ka rubuta musu," ya ce. "Kai ka san harshensu. Ka ce kayan marainiya ne."

Na rubuta. Shafi huɗu, kuma ban taɓa rubuta abin da ya kai shi kyau ba. Na kawo musu dokar daga tushenta, na nuna keken ɗinki ba kayan yaƙi ba ne a jerin kowace ƙasa, na bayyana yadda mutanenmu ke ba da saƙo, na ce a duba jikin buhun za a ga sunan Luba da tawada. Kafilina ya karanta ya ce, "Mashallah, ashe lauya nake ajiye da shi," ya ba ni kan sarki kyauta.

Amsar ta zo bayan Babbar Salla, rabin shafi. Kotu ta yarda keken ɗinki ba haramtacce ba ne. Amma rubutun tawada a jikin buhu ba ya ture takardar lodi. Takardar ta ce kayan duka na mutum ɗaya ne, kuma kotu ta lura cewa wanda ya sa hannu a takardar da wanda ya rubuto ƙorafin sunansu ɗaya. In yana da wata takarda da aka yi kafin jirgi ya tashi, mai nuna keken na wani ne daban, ya aiko cikin kwana talatin. In babu, za a yi gwanjon kayan.

Hukuncin daidai ne. Da ni ne alƙalin, haka zan yanke, kuma da ban kai rabin shafi ba.

Kwana talatin suka wuce kamar sauran kwanaki. Yaya Turai ta zo gidan ranar wata Juma'a da tuwo a kwano, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Akwai keke irin na Mastura sak a wurin wani Bahindi a cikin gari," ta ce. "Baƙi, mai zanen zinariya. A saya a aika wa Luba. Wa zai gaya mata?"

"Ta hannun wa za a aika, Yaya?"

"Kai dai ba a yi maka magana ka amsa kamar mutane."

"Na rubuta takardar ƙarya ɗaya a kan keken nan. Ta isa."

Ta ajiye kwanon ta tafi. Na ci tuwon, ya yi gishiri.

Na rubuta wa Luba. Na gaya mata uwarta ta bar mata keke, na gaya mata an kama shi a Karaci an sayar, na gaya mata akwai ranar da zan iya fitar da shi ban fitar ba. Ban sa sunan Kawu ba, ban sa na Rafi'u ba. Layi tara ne duka, har da gaisuwa ga Othman.

Amsarta ta ɗauki sati biyar. Larabci ne da Hausa a cakuɗe, kamar yadda take magana.

"Baba, na ga wasiƙarka. Allah ya sa haka ya fi alheri, kada ka sa wa ranka damuwa. A nan akwai keke a gidan maƙwabta, suna ba ni aro. Abu ɗaya nake so in sani. Inna ba ta tashi daga kan keke sai ta bar ɗinkin da take yi a ƙarƙashin allura, ta ce in ta cire ba ta komawa kansa. Kafin ta kwanta ta sa an rubuto mini cewa ta yanka wa jaririna riga, shuɗiya, ta fara haɗawa. Baba, rigar tana jikin keken? Ta kai ina? Ta sa hannuwan?"

Na tafi wurin Yaya Turai da wasiƙar. Ta ce akwai wani ƙyalle a jiki, ta tuna, amma ba ta ɗaga ba, da shi suka naɗe. Shuɗi ne? Ta ce wataƙila. Ta ce ai ni ne na kwana ɗaki ɗaya da keken wata bakwai da kwana arba'in, ni ya kamata a tambaya.

Na dawo ofis na ɗauki takarda. Na daɗe ina neman yadda zan tsara amsar, ni da na rubuta wa kotu shafi huɗu a zama ɗaya. A ƙarshe na rubuta, "Ban duba ba." Na sa hannu, na liƙe, na ba da a kai gidan waya tare da wasiƙun ofis. Akwai jirgin siminti da ya iso da safe, kyaftin ɗinsa na jira a ƙasa.